Sojan da Tela Ya Ƙi Karɓa

Abin da za a ci ko a rasa a gasar shekarar nan ba shi da yawa, a tsaye ma zan iya lissafa shi: allon katako ɗaya, 'ya'yan wasa talatin da biyu, agogo mai fuska biyu, da akwatin da ake zuba su ciki. Shi ke nan. Ko mai sayen gwangwan ba zai tsayar da kurarsa a kansu ba.

Amma a wurinmu, mu 'yan wasan ces, wato darar Turawa, na Jos a tsakiyar shekarun dubu biyu, duk inda akwatin nan ya kwana, nan majalisa take. Na wani dattijo ne da muke kira Baba, tsohon akawu a kamfanin kuza, wanda Baturen da ya yi wa aiki ya bar masa lokacin da zai koma gida. Baba ya kafa doka: wanda ya zo na ɗaya a gasarmu ta shekara shi zai riƙe akwatin har wata shekarar, kuma a wurinsa za a riƙa taruwa. Shekara uku ke nan yana shagona.

Ni dillalin kayan mashin ne. Da faranti ɗaya na fulogi da kebul na fara a bakin titi, har na kai ga shago mai ƙofa biyu a Tina Junction da sito a baya, daidai lokacin da acaɓa ta mamaye gari, kowane matashi ya samu mashin ɗan China yana neman wanda zai buge. Ba gado na ci ba, ba kuma wanda ya kama hannuna. Ces ma haka na koya, da kallo da shan kashi. Kuma ba zan ɓoye dalilin da ya sa nake son akwatin ba. Ɗan acaɓa in ya ga mutane sun cika benci sai ya tsaya ya ga me ake rabawa, in ya tsaya kuwa sai ya tuna birkinsa yana kuka. Ban da haka, mai masauki shi ke zama kan kujera mai hannu, sauran suna benci, kuma maganarsa ce ta ƙarshe. Akwai wani abu kuma da ba ma faɗa da baki: tun bayan rikicin da garin ya shiga, wuraren da Kiristan Kabong da Musulmin Rikkos za su zauna tare ba mai waiwaye sun yi ƙaranci, bencina yana cikinsu.

Ba wasan kansa ne ke tara mu ba, bitarsa ce. Bayan kowace gasa, komai ƙanƙantarta, sai a hallara bayan la'asar, wanda ya sha kaye ya jera 'ya'yan da hannunsa, ya maimaita wasan taku bayan taku, kowa yana sa baki. Wani ma'aikacin jinya daga Kabong, wanda muke kira Dokta don ya ji daɗi, shi ya raɗa wa zaman suna binciken gawa. Sunan ya dace, sai dai a namu binciken gawar tana zaune tana musu.

A duk shekarun da na yi ina karɓar zaman nan ban taɓa ganin wanda aka ci don an fi shi iyawa ba. Wani sanyin Jos ne ya daskarar masa da yatsu. Wani agogo ne ya zalunce shi. Wani kuwa, ai shi ke kan gaba tun daga farko har zuwa lokacin da aka kashe masa sarki. Cin ne kawai bai samu ya yi ba. Mafi yawan surutun a kan buɗi ake yinsa, wato takun farko-farko da mutum ke fito da mayaƙansa. Kowane buɗi da sunansa, kuma duk sunayen wuraren da ba wanda ya taɓa takawa a cikinmu ne. Akwai mai buɗin Faransa da ko gaisuwa bai iya da Faransanci ba. Dokta kuwa ɗan Sisiliya ne. Shi da iyakar tafiyarsa Akwanga zai dafa ƙirji ya ce, "Oga, ni Sisiliya nake bugawa, na wuce wasan yara." Yakan haddace taku goma sha wani abu daga wani littafi da aka yi ta yi wa hoto har rubutun ya koɗe, ya zubo su ba gargada, a taku na gaba kuma ya ajiye sarauniyarsa a bakin doki. Washegari a wurin bincike sai ya ce buɗin ai ya tafi daidai. Gaskiyarsa. Buɗin lafiyarsa ƙalau.

Sai kuma wani tela, mai ɗinkin kaftani a Rikkos, wanda kullum shi ke bin bayana a maki. Bai san sunan buɗi ko ɗaya ba, ko kuma bai ga amfanin sani ba. Yakan zo da allura soke a hula, ya zauna ƙarshen benci, ya sha shayin da na biya. In aka tambaye shi me ya buga sai ya ce, "Kayana na fito da su waje." Ɗan wasan nan mai tafiya a karkace, wanda kowa ke kira bishof, shi limami yake ce masa. Dokta ya ce bishof ne tun daga Ingila. Tela ya ce, "A hannunka bishof ne, Dokta. In ya dawo nawa, alwala yake yi."

Ni kuwa akwai ƙa'idar da kasuwa ta koya min: abin da ke rataye a gaban shago daban, abin da ke cikin sito daban. Ba yaudara ba ce, tsari ne. Maƙwabcinka na sana'a kullum idonsa na kan abin da ka rataye, to ka ba shi abin kallo. Na gaban shagona a ces shi ne buɗin Italiya: sojan gaban sarki ya yi gaba, doki ya fito, bishof ya fito ya zuba ido. Shi nake bugawa duk lokacin da na samu fararen 'ya'ya, masu fara taku, shi ake fiɗa a kowane bincike. Babu wanda ke zama bencina da bai taɓa nuna min wani rami a cikinsa ba, ni kuma na yi shiru na cike.

Na siton daga Nnewi na zo da shi, inda nake saro kaya. Wani babban dila da nake saye a hannunsa yana da allo a ofis, muna jiran a gama lodi ya ce mu taɓa. A taku na biyu ya turo sojan da ke gefen sarkinsa, ya ajiye shi daidai bakin nawa. Na duba hagu, na duba dama, ban ga ƙugiya ba, na ci. Kafin a gama ɗaure kwalaye ya yi ta cina har na daina ƙirgawa. Da ya gama dariya ya ce sunan abin gambit na sarki: ka ba da soja ɗaya kyauta, wanda ya karɓa ya kauce daga tsakiyar allo, kai kuma hanya ta buɗe maka ka afka masa. Nan take na gane, don gyara ce. Ka ɗora wa mai saye ɗan wani abu a sama, ya tafi yana sa maka albarka, alhali ka riga ka fanshe a wani wurin. Na ce a raina wannan buɗin don ni aka ƙirƙiro shi.

Na dawo Jos ban nuna wa kowa ba. Na ajiye shi don tela, don ranar da akwatin zai tsaya tsakanina da shi. Sai dai kayan ɓoye ba ka da wanda za ka gwada su da shi. Don haka in kasuwa ta yi sanyi da rana sai in shige sito, in shimfiɗa ƙaramin allon roba a kan kwalin taya, in buga farare in zagaya in buga baƙaƙe. Abokin karawata na sito mutumin kirki ne ƙwarai. Duk lokacin da na miƙa masa soja sai ya karɓa da hannu biyu, ya bi hanyar da na share masa, ya mutu a kan kari. Wata da watanni bai taɓa ba ni kunya ba. A waje kuma ina ta buga Italiya, ina barin tela yana kallo, ina jin kaina kamar wanda ya ɓoye kwantena guda a bayan gida.

A zauren wata makarantar firamare aka yi gasar, ƙarshen mako, tsakiyar damina. Manyan mutane masu iyali muka zauna kan bencin yara, gwiwa tana gaisawa da haɓa, ruwa yana dukan kwano har ba ka jin ƙarar agogo. Baba ne alƙali, cikin rigar sanyi biyu. Abubuwa suka tafi min yadda nake so. Da aka zo zagayen ƙarshe ina gaban tela da rabin maki, aka haɗa mu a teburin farko, kan allon katakon da kansa, kuma farare suna hannuna. Canjaras kawai nake bukata. Ni da tela kuwa mun yi canjaras a Italiya har mun gaji da shi. Ko waya nake amsawa zan iya kai wasan can.

Dokta ya tare ni a baranda kafin a shiga.

"Oga, don Allah ka buga abin da ka saba, a raba maki kowa ya tafi gida. Ni ba zan iya hawa mota biyu da acaɓa zuwa Rikkos kowace Asabar ba."

"Dokta," na ce, "ka nemi wuri mai kyau ka tsaya. Yau za a buɗe sabon kaya."

"Wane irin kaya?"

"Na waje."

Ya dube ni irin kallon da ma'aikatan jinya suke yi wa mara lafiyar da ya ce ya ji sauƙi zai koma gida.

Mai hankali zai tambaya me ya kai ni. Ɗan kasuwa ba ya iya riƙe kaya a sito har abada, akwai lokacin da suke fara yi masa ƙaiƙayi. Kuma canjaras ba a yi masa binciken gawa. Ni so nake tela ya durƙusa a shagona ya jera 'ya'ya da hannunsa, ina kan kujera mai hannu ina yi wa jama'a bayani.

Na tura sojan sarki. Ya tura nasa. Na ɗauki sojan gefe na ajiye a bakin nasa, na danna agogo, na yi baya zan jingina, sai na tuna bencin yara ba shi da majingina.

Masu kallo suka matso. Na ji Dokta ya ja numfashi ya faɗi wani abu da Turanci. Tela ya dubi sojan. Ya dube ni. Ya sake duban sojan, irin kallon da yake yi wa yadin da aka rantse masa cewa na asali ne. Sannan ya ɗauki limaminsa ya fito da shi waje, ya ajiye shi yana hangen lungun da sarkina zai fake, ya danna agogo, ya gyara hula. Sojana yana nan tsaye a tsakiyar allo, ba mai karɓa.

Wannan bai taɓa faruwa a sito ba. A kasuwa ma bai taɓa faruwa ba. Tunda nake ban ga wanda aka ɗora wa gyara ya ce a sauke ba. Na zauna agogona yana cin lokaci, ina laluben kaina, babu komai a ciki sai hanyoyin da duk suka fara da ya karɓa. Can sai na lura cewa sojan nawa da ya ƙi ci, shi ma yana iya cin nasa. Ga shi nan a fili, ba mai gadinsa. Na ce a raina, to, in kai ba ka son banza, ni ban ƙi ba. Na ci.

Ban gama ɗauke hannu daga agogo ba sarauniyarsa ta taso daga gida, ta tsaya a gefen allo tana kallon sarkina ta ƙofar da na buɗe da kaina.

"Cek, Alhaji," ya faɗa a hankali, wato an kai wa sarkina hari, kamar mai sanar da kai cewa ɗinkinka ya kammala.

Hanya biyu gare ni. In sarki ya matsa gaba, taku ɗaya ya rage masa a duniya. In na tare da soja, sarauniyar za ta dawo tsakiya ta ci wani sojan, ta sake cewa cek, daga nan ta gangara kusurwa ta ɗauke min kasul, babban ɗan wasan da ko motsawa bai yi ba. Na zaɓi ta biyu. Ta yi duk abin da na lissafa, ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko ɗaya ba. A taku na biyar an gama da ni.

Na ci gaba da bugawa sama da awa guda, ba don ina da wani fata ba, sai don kada a ce na tashi kafin shayin Baba ya huce. Tela ya yi ta musayar 'ya'ya da ni, yana datsewa kaɗan-kaɗan kamar mai rage tsawon wando, har ya zama babu abin da ya rage a datse. Na miƙa masa hannu. Baba ya rubuta sakamako bai ko ɗago kai ba.

Dokar Baba ita ce binciken ƙarshe a wurin tsohon mai masauki ake yi, daga nan a ɗauki akwati. Washegari bayan la'asar shagona ya ga taron da bai taɓa gani ba. Waɗanda suka daina zuwa tun bara duk Allah ya ba su lafiya a rana ɗaya. Mai shayi ya bar tukunyarsa a wuta ya zo ya tsaya, shi da bai san doki daga jaki ba. Na bar kujera mai hannu, na durƙusa na jera 'ya'yan.

Na buga taku na farko. Da na tura sojan gefe sai Dokta ya ɗaga hannu.

"Tsaya nan, Oga. Wannan daga ina?"

"Daga Nnewi."

"Da garanti?"

Benci ya ɗauka. Wani ya ce in mayar musu tun kwalin bai yage ba. Wani ya ce ai dama ana cewa akwai mai kyau akwai na biyu, ni da nake sayar wa mutane na biyu yau an sayar min. Na ce buɗin ba shi da laifi, manyan duniya suna buga shi.

"Ai ni ban ce yana da laifi ba," in ji Dokta. Ya miƙo hannu ya fito da limamin tela yadda ya yi jiya, sannan ya ɗauki dokina ya fito da shi. "Ga takunka na uku. Doki ya tsare gidan da sarauniya za ta sauka, shi ke nan, wasa ya ci gaba. Wannan sojan da ka ci, guba ne, a shafin farko aka rubuta. Da ka kawo abin nan benci ko sau ɗaya, Oga, da mun nuna maka. Kyauta ma."

"Ni ma na sani," in ji Baba daga gefe. "Tun Bature yana nan."

Na dubi allon. Takun dokin yana nan a fili kamar allon talla, kuma wata da watanni ina wuce shi a sito ban gan shi ba, don mutumin kirkin da nake bugawa da shi bai taɓa tilasta min in duba ba. Italiyar da nake ɗauka kayan rataye ce, hannu ashirin ne suka gyara min ita. Wannan kuwa hannuna ne kaɗai ya taɓa shi.

Abu ɗaya ya rage da nake son sani. Na juya ƙarshen benci.

"Kai kuma, Malam tela, wa ya tsegunta maka? Ka san gambit ne?"

"Gam me?"

"Sojan da na ba ka. Me ya hana ka ci?"

Ya kurɓi shayi, ya ajiye kofin a ƙasa tsakanin ƙafafunsa.

"Alhaji, shekara nawa ina kawo mashin ɗina nan? Sau ɗaya ka taɓa ba ni abu kyauta, ƙwan fitila. Na tafi ina ta godiya, sai da na isa Rikkos na zauna na gane a kuɗin sarƙa ka saka shi. To jiya ka miƙo min soja, har kana murmushi. Na ce a raina, wannan sojan in na karɓa, sarƙa zan biya. Sai na fito da limamina, yadda nake yi kullum."

Dariyar da aka yi har 'yan acaɓa na tsallaken titi suka juyo. Ban yi musu ba. Lissafinsa daidai ne, har da na sarƙar.

Da aka tashi ya zuba 'ya'yan cikin akwati, ya naɗe shi da leda saboda hadari ya haɗo, ya ɗora a bayan mashin. Ba shi da robar ɗauri, a wurina ya saya. Ban rage masa ba, shi ma bai nema ba.

Majalisa ta koma Rikkos, a wani ɗan shago da ke cike da ƙyallaye da ƙarar keken ɗinki. Nakan je, in zauna ƙarshen benci in sha shayin da tela ya biya, wanda madararsa ba ta kai tawa ba. Na kai musu gambit ɗin suka yi ta fiɗarsa har ya zama abin bugawa, sai dai zuwa lokacin babu ɗan ces a Jos da bai san ina buga shi ba, kuma kowa ya koyi fito da limami. Dokta ya riƙa zuwa da farko, yana ƙorafin kuɗin mota. Daga baya ya koma zuwa jefi-jefi, kuma ba ya bari magariba ta same shi. Da garin ya sake ɗaukar zafi sai ya daina, sauran mutanen Kabong ma haka. Ba wanda ya hana su, tela har waya yake yi musu. Hanyar ce kawai ta yi musu tsawo ta wata fuskar da ba a auna ta da mota. Akwatin bai sake dawowa Tina Junction ba.

Ni mutum ne mai rufe lissafi, ko da bai yi daɗi ba. A ɓangaren asara akwai allo da agogo da 'ya'ya talatin da biyu, akwai kujera mai hannu, akwai cinikin yammacin Asabar da ya bi taron ya tafi, akwai kuma rabin bencin da bai sake haɗuwa da ɗaya rabin ba. A ɓangaren riba akwai soja ɗaya, wanda na ci a taku na uku.